Bindigar da Donka Ta Zaɓa

"Karya ta mu gani, Baba," in ji mai shagon, ya miƙo wa Stoycho bindigar ta saman tebur.

Stoycho ya kafa gindinta a cinyarsa, ya kama bakinta da hannun dama ya ja ƙasa. Ta lanƙwashe a tsakiya, sifirin ɗin ciki ya matse, ta yi ƙas. Ya waiwayo ya dubi matarsa Donka, fuskarsa a sake kamar yadda ta daɗe ba ta gani ba, abin da bai yi mata daɗi ba.

Tun yana saurayi yake farauta a duwatsun bayan ƙauyensu. Da sanyin bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo, hannun kuwa sai abin da ba a rasa ba. Likita ya ƙi sa hannu a sabunta masa lasisi, 'yan sanda suka ce ya kawo bindigarsa mai baki biyu. Ana gobe zai kai ta, Donka ta shiga ɗakin ajiya neman guga, ta iske shi zaune a kan buhu, gindin bindigar a ƙasa, bakinta a ƙarƙashin haɓarsa. Ya ce goge ta yake yi. Babu tsumma a hannunsa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko ɗansu da ke aikin gini a ƙasar Sifen.

Yanzu zomaye sun addabi kabejinsu, shi kuwa ya samu labarin bindigar iska ba ta buƙatar takardar likita. Shi ya sa suka shigo motar safe zuwa gari.

"Wannan ita ce daidai kai," in ji mai shagon, wani mai tumbi da ake kira Mladen. "Ba nauyi, ba wahalar ɗanawa. Kurciya, ɓera, duk za ta yi maka. A takarda dai ba a farauta da ita, amma wa zai zo leƙa kabejinka?"

"Zomo fa?"

"In ya matso kusa, kuma ka samu kai."

"Mutum fa?" Donka ta tambaya. "Tana kashe mutum?"

Mladen ya yi dariya. "Goggo, me Baba ya yi miki haka? To, ban da wasa, ko wannan ƙaramar in aka ɗora ta a gefen ido sai dai a kira fadan coci ya yi jana'iza. Bindiga ce fa."

Stoycho bai ɗago ba, yana shafa katakon da babban yatsa.

Donka ta nuna wata doguwa baƙa da ke rataye can sama. "Waccan fa?"

"Waccan ta ƙarti ce. Sifirin ɗinta ni kaina sai na yi nishi kafin in matse shi. Daga nesa take kwantar da zomo."

"Sauko da ita."

Stoycho ya kafa ta a cinya ya ja. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya kai hannun hagu don ya riƙe gindin, yatsun suka zame. Bakin ya ɗan sauko, ya koma da ƙarfi. Ya sake gwadawa har gumi ya tsattsafo masa a goshi, bai iya ba.

"Ka gani ko, Baba? Ɗauki ƙaramar kawai."

Donka ta san mijinta. Ta taɓe baki.

"Ɗauki mana. Irinta jikan maƙwabcinmu Petko ke harbin gwangwani da ita. Sai ku riƙa fita tare, in ya taso daga makaranta."

Kunnuwan Stoycho suka yi ja. "Rufe mini baki, tsohuwa."

"Ni me na ce? Wanda ya kayar da aladen daji a gaban mutane, yau ya koma harbin ɓera. Ai ba laifi, girma ne ya zo."

"Naɗe mini babbar," ya ce wa Mladen.

"Baba, wa zai riƙa ɗana maka?"

"Ni," in ji Donka. "In ya ga zomo ya kira ni."

Suka hau motar komawa gida. Ya rungume kwalin yana kallon gonakin da aka bari ciyawa ta cinye. Ita kuwa kunyar abin da ta faɗa a gaban baƙo tana cin ta, amma rabon da numfashinta ya sauka har ciki haka tun kafin ciwonsa.

Da yamma ta ɗana masa sau ɗaya, ta danna da dukkan nauyinta har kafaɗarta ta amsa. Ta tsaya a kansa ya harbi tsohuwar tukunya, ya huda ta. Ta ba shi miyar wake da burodi, sannan ta tafi tatsar akuya, hankalinta kwance.

Tana cikin tatsa ta ji ƙas.

Ta saki nonon ta fito da gudu. Yana ƙarƙashin bishiyar tuffa. Ya cusa bakin bindigar tsakanin rassa biyu, ya kwanta a kan gindin da ƙirjinsa har ta ɗanu. Yana haki, yana lalubar ƙwayar dalmar da ake ɗura mata a aljihu.

"Stoycho."

"Shhh. Ga shi can."

Ya ɗora ta a kan shinge ya auna. Bakin yana rawa. Ya ja kunama. Zomon ya yi tsalle ya faɗi cikin kabeji, ya shiga jan ƙafafun baya yana tsala ihu kamar jariri. A ƙugu ya same shi. Stoycho ya juya zai koma wurin bishiyar ya sake ɗanawa, ƙafarsa ta harɗe, ya dafa shinge. Donka ta ɗauki fartanya ta je ta ƙarasa zomon.

Ta dawo riƙe da shi ta kunnuwa, jini na ɗiga a takalminta.

"Kin yi ƙoƙari a shago ɗazu," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Har jikan Petko kika jawo. Na gane, Donka. Je ki feɗe, ki sa albasa da yawa."

Ta shiga kicin ta ɗauko wuƙa. Ta taga ta ji ƙas, can kuma ta sake ji, wannan karon bai daɗe yana fama ba. Ta tattara zomon da kwano da kujerarta ta fito da su bakin ƙofa, inda take iya ganin bayansa, ta zauna ta fara fiɗa.