Minti Bakwai zuwa Filin Sulu

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa bas mai lamba huɗu a garin Brandt Falls, don haka idan mutum ya buɗe baki ya ce mini wuri kaza kusa ne, takalminsa nake fara kallo. Na Mista Halvorsen kuwa kullum fes suke, ko ƙasansu bai taɓa sanin taɓo ba. To, shi aka ɗauko aka ba shugabancin kwamitin da zai zaɓi inda za a gina filin sulu.

Kuma ba shi ya kawo maganar ba. Corwin ne, ɗan ƙanena. Tun yana shekara tara yake hawa allon sulu, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu, har ranar da ya faɗo daga saman rufi a wurin aiki ya karya baya. Na ɗauka shi ke nan an gama. Ina! Bayan shekara biyu sai ga shi da wani keken guragu da ya sa aka ƙera masa, yana gangarowa da shi daga matakalar laburare yana juyi. 'Yan sanda suka yi ta korarsa shi da yaran unguwa. Da ya gaji, ya bi gida gida ya tara sa hannun mutum dubu da ɗari biyu, har jiha ta yarda a yi filin.

Burinsa ɗaya ne tak. Yana son wurin da zai fito daga gida ya je da kansa, ba wanda ya ciccibe shi ya saka a mota kamar buhun dankali. "Gwaggo," ya ce mini, "na gaji da cewa na gode."

Wurare biyu ne a gaban kwamitin. Akwai kangon da ke bayan laburare, tsakiyar gari, inda bas uku ke tsayawa. Akwai kuma wani fili can bayan babban titi, kusa da ma'aikatar tace ruwan datti. Ko makaho ya san wanda ya fi. Amma masu shaguna na kusa da laburare sun ce ƙarar tayoyi za ta kori masu ciniki. Wata mai sayar da kyandir har da hawaye, wai kanta zai yi ciwo. Shagon da nake wucewa sau goma sha huɗu a rana ban taɓa ganin mutum biyu a cikinsa ba!

Ranar taro aka ajiye kofi da donat, Halvorsen ya gyara tabarau ya ɗaga takardar jiha. "Sharaɗin a fili yake," in ji shi. "Dole ya zama wurin da kowa zai iya zuwa. To, jiya na gwada da kaina. Daga ƙofar wannan ofis zuwa filin bayan titi, minti bakwai ne kacal."

Na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, minti bakwai a kan me?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa. "A mota mana, Malama Dombrowski."

"Yaran da za su yi sulun, 'yan shekara goma sha biyu, wace irin mota suke tuƙawa?"

Aka ɗan yi dariya. Shi ma ya yi murmushin nan nasa na dillalan gidaje. "Iyaye suna nan ai. Kuma kada ki damu da Corwin ɗinmu. Mun tanadi wurin ajiye motar masu lalura har guda biyu, da shuɗin fenti, dab da ƙofa. Ƙofar ma an faɗaɗa ta yadda doka ta ce."

"Ba ni da mota," in ji Corwin daga baya.

"Za a samu mai taimako, ɗana. Garin nan ba a rasa mutanen kirki."

Na ce masa bas ɗina a shagon faci yake juyawa, daga nan saura mil ɗaya da rabi. Ya ce an gode da gudummawata, ya rubuta wani abu a takarda, ina kyautata zaton sunan abin da zai ci da rana ne. Suka jefa ƙuri'a, filin bayan titi ya ci, biyar da biyu. Duk su bakwai suka fito, kowa ya shiga motarsa.

Gaskiya filin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Na gan shi a jarida, siminti sumul, ramuka da tudu, har da benci. Aka sa ranar buɗewa Asabar ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Halvorsen ya buga wa Corwin waya ina zaune, wai shi suke so ya fara gangarawa bayan magajin gari ya yanka ƙyalle, masu hoto za su zo. Zai turo mota ta ɗauke shi.

"A'a, yallaɓai, kada ka wahala," in ji Corwin. "Ai wurin da kowa zai iya zuwa ne. Zan zo da kaina."

Ranar ba na aiki, sai na bi shi. Muka hau lamba huɗu kamar kowa, muka sauka a shagon faci ƙarfe goma saura. Ya juyo ya nuna ni da yatsa. "Gwaggo, in kika taɓa keken nan, ni da ke har abada."

Na zuba hannuwana a aljihu na bi bayansa. Rabin mil na farko akwai hanyar masu tafiya a ƙasa. Daga nan sai kawai ta ƙare a bakin wata ciyawa, kamar wanda ke shimfiɗa ta an kira shi cin abinci bai dawo ba. Sauran duk tsakuwa ce a gefen titi. Tayoyinsa suna nutsewa, yana turawa, manyan motoci suna wucewa suna watsa mana iska. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sau biyu ya tsaya yana haki, sau biyu na ciji leɓe na kau da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta zagin kwamiti ɗaya bayan ɗaya a zuciyata, har da mai kyandir.

Sha ɗaya da kwata muka iso. Ga filin can, taku hamsin bai fi ba. Ga balan-balan, ga 'yan makaranta da ƙaho, ga magajin gari riƙe da wani ƙaton almakashi kamar zai yi wa giwa aski. Ga shuɗin fentin nan guda biyu suna ƙyalli, ba kowa a kai. Tsakaninmu da su kuwa titi ne mai layi huɗu, da katangar siminti a tsakiya wadda ta kai ƙuguna. Babu mahaya, babu danja, babu komai. Wasu yara uku suka rungumi allunansu suka ruga a guje, suka tsallake katangar, wata tirela ta danna musu hon har sai da na runtse ido.

Corwin ya tsaya a bakin kwalta yana kallon filin.

Wani ya hango mu ya nuna. Duk suka juyo. Halvorsen ya ɗaga hannu biyu yana ta ihu, ƙarar motoci ba ta bari mun ji ba. Ya tako bakin titi, ya dubi motocin, ya dubi takalminsa, ya koma da baya. Sai muka ga ya shiga motarsa ya fita, ya yi gabas, ya ɓace. Ashe ko mota ba ta iya tsallakowa sai ta je gada ta juyo.

Corwin ya ɗaga hannu ya dubi agogo. Masu ƙaho suka yi shiru. Magajin gari ya sauke almakashin don ya yi masa nauyi. Mu a nan, su a can, ana kallon-kallo.

Can sai ga motar ta taho ta bayanmu ta tsaya a kan tsakuwa. Halvorsen ya fito yana gumi, ya buɗe ƙofar baya. "Ɗana, ai da ka bari an ɗauko ka! Zo, zo, ana jira. Malama Dombrowski, kama masa ƙafafu, ni in kama ta nan."

Corwin ya sake duba agogon.

"Minti bakwai cif," ya ce. "Ashe gaskiyarka ce, yallaɓai."

Ya juya kekensa ya fuskanci gari, ya fara turawa cikin tsakuwa. Halvorsen ya tsaya riƙe da murfin mota yana kiran sunansa. Ni kuwa na mayar da hannuwana aljihu na bi bayan ɗana, hawaye na zuba, ban kuma taɓa keken ba har shagon faci.