Hoton Kwabon Nomau

Mala Kolo ya shekara takwas yana ɗaukar hoto a Zangon Damagaram kafin Nomau ya shigo masa da kwabon nan. Iyayensa mutanen Barno ne, ƴan kasuwa, amma shi a soja ya koyi sana'ar. Ya dawo gida da akwatin hoto na katako mai ƙafa uku, mai wuyan fata da ke miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Da shi ya ɗauki amare da tsofaffin sojoji da ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko. Bai taɓa ɗaukar abin da ya gaza kan mutum girma ba.

Nomau dattijo ne, manomi daga wajen Droum. Ya zo da hantsi wata Laraba, a kakar shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a. Bayan doguwar gaisuwa ya kwance wani tsumma mai ƙulli uku, ya fito da tsohon kwabo na jan ƙarfe wanda ƙasa ta cinye har ya yi baƙi. Ya ce wajen tonon gyaɗa ya same shi, a daidai iyakar da suke jayayya a kanta da Illa, ɗan baffansa. Tun yana yaro ya ji ana cewa sarkin wancan zamani ne ya ba kakansa gonar, har ya haɗa masa da wata shaida. Ya tabbata wannan ce shaidar, kuma sunan kakansa na cikin rubutun da ke jiki. Malamai uku sun duba, rubutun ya goge, ba su iya fitar da komai ba. Ba ya son ya kai kwabon wajen shari'a ya bi hannu goma. Hoto yake so, babba, wanda kowa zai karanta.

Mala ya juya kwabon a tafin hannunsa ya ce ai wannan aikin kafin azahar ne.

Ya shafa kakin zuma a kan allo, ya manna kwabon, ya jingine shi a tsakar gida, ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle. Daga nesa kwabon ya fito a gilashin baya kamar ƙwayar wake. Da ya matso da akwatin sai komai ya zama dishi-dishi. Ya ja wuyan fata har ƙarshensa, bai kai ba. Rabin yinin nan ya tafi wajen yanke gwangwanin madara ta gefe biyu, da shafe cikinsa da baƙin fitila, da ɗaure shi tsakanin wuyan da idon akwatin. Yanzu kwabon ya cika gilashi, amma in gefensa ya fito sarai sai tsakiya ta ɓace, in ya gyara tsakiya sai gefe ya gudu. Dole ya tsuke idon akwatin har ya koma kamar hudar allura. Ya ɗauka a cikin rana tsaka, ya shiga ɗakin duhu ya wanke. Abin da ya fito wani baƙin faifai ne sumul, babu ko ɗigo na rubutu.

Ya roƙi Nomau ya bar masa kwabon ya kwana. Nomau ya ɓamɓare abinsa daga allo, ya ƙulle a tsumma, ya tafi masaukinsa a Birni.

Washegari ya dawo yana fara'a. Ya ce ya gane inda matsalar take, datti ne, don haka ya sa matar mai masaukinsa ta dirje kwabon da tsamiya da toka. Da ya buɗe tsumman sai ga abu yana ƙyalli kamar sabuwar tasa.

Mala ya karɓi kwabon ya juya shi a hannu, ya ce:

"Baba, wa ya ce a wanke?"

"Ba cewa ka yi bai fito ba?"

Mala ya sake manna kwabon a allo ya ɗauka. Wannan karon hoton ya fito fari fat, kamar an ɗauki wata daren sha huɗu. Ya koma inuwa, ƙyallin ya biyo shi. Ya ce a bari ya ɗan kanga kwabon a hayaƙi ya dusashe, Nomau ya rantse ba mai kai shaidar kakansa kusa da wuta. Fayafayan gilas masu magani da yake ɗaukar hoto a kansu daga Kano ake kawo su, ga shi suna ta ƙarewa a banza. Mutum biyu sun zo neman hoton takardar shaida, ya ce su dawo, saboda in ya kwance gwangwanin sai ya sake wahalar jiya.

Matarsa Fanta ta same shi zaune a bakin rijiya, ko tuwon rana bai taɓa ba. Ya yi mata bayani ba don yana tsammanin wani abu daga wajenta ba. Ta ce ita dai ba ta san hoto ba, amma sawun kaji a cikin yashi da sassafe take ganinsa, da rana tsaka kuwa sai ka ce ba abin da ya taka wurin.

Ranar Juma'a tun rana ba ta ɗaga ba ya kafa akwatin a cikin zaure. Ya turo ƙyaure ya bar tsaga kamar faɗin yatsu huɗu, ya rataya farin mayafin Fanta a kan tsagar don hasken ya yi laushi, ya juya allon har hasken ya riƙa shafar fuskar kwabon ta gefe. Da ya leƙa sai ya ga kowane harafi ya tashi da ƴar inuwarsa. Sai dai hasken kaɗan ne, ido kuma a tsuke, dole a bar shi buɗe har ya ƙirga sittin. Yana kan arba'in Balki, matar maƙwabcinsa, ta fara daka a bayan katanga. Ƙasa ta ɗauki motsin, hoton ya fito da rubutu bibbiyu. Fanta ta je ta ba Balki haƙuri. A karo na biyu kamiyon gyaɗa, babbar mota, ya wuce ya girgiza ƙasa. A na uku Nomau ya matso ya ga abin da ake yi, rigarsa ta tare hasken.

A na huɗu ne aka dace. Kwabon ya fito a takarda kamar faɗin tafin hannu, da layi uku na Larabci, har da tsagar da bakin fartanya ya yi masa. Mala bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba, shi ma ya sani.

Bayan an sauko daga masallaci suka kai hoton wajen Malam Ado, wani tsoho a unguwar wanda ya yi fatauci da Larabawan Gadamas a ƙuruciyarsa. Ya karanta ba tare da wahala ba. Ya ce rubutun cewa ya yi an buga shi a Tarabulus, sai shekara a ƙasa. Kuɗin fatake ne, irinsu da yawa sun shigo ƙasar nan a bayan raƙuma. Nomau ya ce a sake dubawa. Malam Ado ya sake, bai sami ƙari ba.

Suka koma zauren Mala. Nan Nomau ya rage murya ya ce ya ji labarin masu hoto suna gyara fuska da fensir, su share ƙurji, su cike giɓi. Sunan kakansa gajere ne, Mamman, ga kuma wuri a ƙasan layi na uku.

Mala ya ce ba zai yi ba.

"Gonar tamu ce, Allah ya sani," in ji Nomau. "Ba ƙarya za ka rubuta ba."

"Wataƙila taku ce, Baba. Amma ba a jikin kwabon nan aka faɗa ba."

Nomau ya ce ashe kwana uku ya ɓata a birni don a gaya masa abin da bai tambaya ba. Ya ƙulle kwabonsa, ya bar hoton a kan benci, ya fita ba sallama. Mala ya bi shi har ƙofa da takardar a hannu, bai waiwayo ba.

Bayan wata biyu wani mai kawo gyaɗa daga Droum ya ba Mala labarin yadda aka ƙare. Dattawan gari sun zauna, suka raba wurin biyu, suka dasa gamba a tsakani. Nomau bai fito da kwabon ba ko sau ɗaya, kuma har lokacin ba ya gaisawa da Illa.