Bunsurun Samuel a Dutsen Kagoro

A shekarar da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, in ka shiga Kudenda, unguwar kamfanoni a Kaduna, ka tambayi wa ya fi ƙarfi a cikin masu lodi, ko mai sayar da koko a bakin get ɗin kamfani za ta nuna maka Samuel. Ƙato ne, wuya kamar turmi, yana loda akwatunan lemo a mota yana fito. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, amma fa yana son yabo. In ana zuga shi har kunnuwansa motsi suke yi.

Wannan ƙaton ne ya faɗa son Damaris, wata tela 'yar Kagoro mai shago a Unguwar Television. Kawunnanta na Kaduna duk sun yarda da shi, sai dai sun gaya masa gaskiya, magana ba a hannunsu take ba. Damaris marainiya ce, kakanta Baba Shekari ne ya raine ta, shi kuwa yana can ƙauyensu a ƙololuwar Dutsen Kagoro. Saƙon da tsohon ya aiko gajere ne. Mai son jikarsa ya hawo da ƙafarsa, da akuyar gaisuwa a hannunsa, kada kowa ya taya shi. In bai iso ba, to babu aure. Damaris kuma ta faɗa masa ido da ido, tana son sa, amma ba za ta tsallake maganar kakanta ba.

To, a Kakuri, cikin garin Kaduna, aka haifi Samuel. Abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne bayan tirela.

"Ka ji shawarata," in ji Damaris, ƙafarta na kan keken ɗinki. "In ka isa Kagoro, ka sayi 'yar akuya a gindin dutsen. Irin namu sun san hanya, su za su ja ka ma."

"Ni? In je gaban Baba da akuya kamar mage? Haba Damaris! Sai dai a ce ba a taɓa ganin irin tawa ba."

Ya tafi wurin Malam Zakariyya'u mai dabbobi a Makera, ya zaɓo bunsurun da ya fi kowanne ƙashi. Bai tsaya nan ba. Ya ɗaure shi a bayan ɗakinsa damina guda, yana ɗura masa dusa da harawa da ɓawon doya. Bunsuru ya ci ya kwanta, ya tashi ya ci, har maƙwabta suka laƙaba masa suna Sanata. Warinsa kuwa, matan gidan sun daina shanya a wannan ɓangaren. Samuel ko a jikinsa. Kullum ya tashi daga aiki sai ya saɓa buhun siminti ya yi ta hawa da sauka a matakalar wani benen da ba a gama ba, yara suna yi masa tafi. Ya san zai hau dutse, ya kuma shirya ƙafafunsa. Ƙafafun Sanata ne bai taɓa tunawa da su ba.

Da ruwa ya ɗauke, Damaris ta riga shi tafiya gida. Shi kuma ya shiga mota a tashar Television da sabuwar shadda fara da takalmi sau ciki, Sanata a but ɗin motar yana kuka. A gindin dutsen ya tarar da Kawu Sunday, ƙanen mahaifiyar Damaris, wanda aka turo ya nuna masa hanya. Kawu ya dubi bunsurun, ya dubi dutsen, ya ce, "Ikon Allah."

Samuel ya ɗaga kai. Dutse ne tsaye, baƙi, ya tare rabin sama, ciyawa da itatuwa sun maƙale a jikinsa. Ya ja igiya suka kama hanya.

Da farko abin ya yi daɗi. Hanya tana bi ta cikin gonaki, Sanata na tafe yana rangaji. Da suka shiga duwatsu sosai, inda sai ka dafa da hannu kafin ka ɗaga ƙafa, sai Sanata ya tsaya. Ya leƙa ƙasa, ya saki wani kuka mai ban tausayi, ya durƙushe. Samuel ya ja, ya tura, ya lallaba da ganye, ya yi Hausa, ya yi Turanci. Ina! Dabbar da ta tashi a kan siminti, ga teɓa, me ta sani game da dutse? Can sama kuwa 'yan awakin ƙauyen ne ke tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, sun tsaya suna kallon ɗan'uwansu na birni.

Wasu mata suka sauko da kaya za su kasuwa. Da suka ji labari daga bakin Kawu, ɗaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Sannu ango! Wannan ai sai a kira masa tasi."

"Samuel," in ji Kawu Sunday a hankali, "ba a yi rabi ba tukuna, gaban ya fi nan tsauri. Ni kuma an hana ni sa hannu. Mu koma, ka sake shiri baɗi."

Baɗi! Ya san halin irin waɗannan tsofaffi. Wanda ya juya sau ɗaya ya juya ke nan. Ya tuna Damaris tana can sama tun jiya tana duban hanya. Kunya ta kama shi, da haushin kansa, don ba wanda ya jawo masa wannan sai girman kansa. Ya cire takalma ya rataya a wuya, ya sunkuya, ya cusa kai ƙarƙashin cikin Sanata, ya kama ƙafafun gaba da hannu ɗaya, na baya da ɗaya, ya miƙe.

A nan ya gane buhun siminti ɗan halak ne. Buhu ba ya harbi, ba ya ihu a kunnen mutum, ba ya zabura in ya ga rami. Ba a je ko'ina ba Sanata ya tsula masa fitsari mai ɗumi tun daga wuya har ƙugu, farar shadda ta tashi daga aiki. Ƙaho ya yage masa kunne. Da yake hannayensa biyu a riƙe suke, inda wasu ke dafawa shi sai ya sa gwiwa, har wandon ya huje, jini ya biyo ƙwauri. Akwai wani matsatsi tsakanin manyan duwatsu biyu da sai da ya bi shi a karkace, numfashinsa na fita kamar zugazugi. A wurin ne ya yi hawaye, ƙato guda, Kawu Sunday ya kau da kai kamar bai gani ba.

Amma bai sauke ba. Ya san in ya sauke, ba zai iya sake ɗagawa ba.

Rana ta karkata lokacin da hanya ta baje. Iska mai sanyi ta buge shi. Ya waiga, ya ga garin Kagoro can ƙasa, rufin kwano na ƙyalli, motoci kamar tururuwa. Ashe labari ya riga shi isowa. Ƙauyen duka ya fito, ana ta dariya da shewa. Da ya matso suka ga gwiwoyinsa, dariyar ta mutu. Damaris ta toshe baki da gefen zane.

Baba Shekari na zaune a kan wani falalen dutse a ƙofar gidansa, ɗan tsoho siriri, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Samuel ya durƙusa, ya sauke bunsurun a gabansa, ya ce, "Baba, na zo gaisuwa."

Tsohon ya daɗe yana kallon su biyun. "Tun da uwata ta haife ni," ya ce, "akuya ke hawowa da mutum dutsen nan. Yau na ga mutum ya hawo da akuya. Ba ka da wayo, yaro."

"Gaskiya ne, Baba."

"Sunday, ɗaga shi mu gani."

Kawu Sunday ya rungumi Sanata, ya yi nishi, ƙafafun baya ko motsi ba su yi ba.

"Tsakanina da shi, wa ya fi nauyi?"

"Haba Baba, ai ya kusa yin biyunka."

Tsohon ya shafa gwiwarsa. "Mutane na cewa taurin kai ya hana ni sauka. Ƙafafun nan ne suka ƙi, na kuwa ji kunyar in ce a ɗauke ni. A Kaduna aka binne uwar yarinyar nan, ina zaune a nan." Ya ɗago ido. "A ina za a ɗaura auren?"

"A cocinmu na Television, Baba."

"To, ka huta, gwiwarka ta warke. Ana jibi biki ka hawo ka ɗauke ni."

Guɗa ta tashi. Damaris ta durƙushe a gefen kakanta tana kuka tana dariya.

Haka kuwa aka yi. Samuel ya sake hawa, aka ɗaura masa tsohon a baya da zanen Damaris, ya sauko da shi a hankali, tsohon na gaya masa sunan kowane dutse a kunne. Ranar biki cocin ya cika har waje, masu lodin Kudenda sun zo da gayya. A bakin ƙofa Baba Shekari ya ƙi sanda. Ya kama hannun jikarsa, ya taka da ita har gaba, ƙafa na rawa. Da fasto ya tambayi wa ya ba da wannan yarinya, tsohon ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗora hannu a kafaɗar Samuel.

"Ni ne," ya ce da ƙarfi. "Kuma ku dube shi da kyau. Wannan ne ya sauko da ni."