Ranar da Kaka Ta Ƙi Tashi

Yara ne suka raɗa wa motar suna Kaka, don ta girmi autarsu. Maigida ya saye ta tun yana koyarwa, ya yi ritaya da ita, kuma ba ya kai ta wurin bakanike sai abin ya fi ƙarfinsa.

Ran nan da safe za su kai wa babbar 'yarsu keken ɗinki a sabon gidanta. An ɗaure keken a but ɗin motar, uwargida ta shige kujerar baya, inda ta saba miƙe ƙafarta mai ciwon gwiwa. Maigida ya murɗa makulli. Inji ya juya, gir-gir-gir, bai kama ba. Ya sake, haka dai.

"Ko ba mai ne, Malam?"

"Jiya na sha mai. Batir ma ƙalau, ba ki ji yadda take juyawa ba?"

Ya fita ya ɗaga bonet yana naɗe hannun riga. Uwargida ta leƙa fuskarsa ta ga ko kaɗan ba ɓacin rai. Ta san shi, irin wannan wahala daɗi take masa.

"Dawo gaba ki murɗa mini. Zan ga ko wuta na zuwa."

Ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita ga ƙarfe. Tana murɗawa wutar ta yi tsalle, shi ma ya yi tsalle yana yarfe hannu.

"Wuta dai akwai," in ji ta, tana dariya har da hawaye.

"Na shaida."

Ya kwance fulogin ya shinshina. A bushe yake, ko warin fetur babu, sai ya mayar da shi. To, mai ne ba ya isowa inji. Ya tsaya yana sosa ƙeya, yana lissafin hanyar man daga tanki.

"Ni kuwa sauron nan bai yi kuka ba yau," in ji uwargida.

"Wane sauro kuma?"

"Duk sanda ka murɗa makulli, kafin inji ya tashi, akwai abin da ke yin ziii a ƙarƙashin kujerata."

Maigida ya tafa hannu. Famfon mai ne, yana cikin tanki, daidai ƙarƙashin inda take zama. Shi da ke gaba, ga rediyo kullum a kunne, bai taɓa jin sa ba.

Ya saka tabarau ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ita tana haska masa da fitilar waya. Ya zaro fiyus ɗin famfon ya ɗaga sama: siririyar wayar ciki ta ƙone ta rabu. Ba shi da wani a ajiye, sai ya cire na rediyo, da yake launinsu da ƙarfinsu ɗaya, ya soka a gurbin.

Uwargida ta koma baya ta kasa kunne. Ya murɗa a hankali.

"Ga shi nan, ya yi kuka!"

Kaka ta yi tari sau ɗaya, ta kama, har tabarmar da ke shanye a katanga tana kaɗawa da hayaƙin salansa.

"Gobe bakanike zai duba abin da ya ƙona shi," in ji maigida, yana saka giya.

"Tsaya tukuna." Ta miƙo hannu da gefen mayafi ta goge masa hanci. "Ba za ka shiga mini gidan suruki da baƙin mai a fuska ba."