Farin Furen Clara

Silvanus ya kashe furen matarsa da hannunsa, kuma da niyyar gyara ya yi.

Abin ya faru ne a shekarar da ya bar aikin reluwe. Shekara da shekaru yana zuba kwal a cikin injin jirgi, daga Kafanchan zuwa Jos, daga Jos zuwa Kafanchan, sai aka kawo injuna masu shan mai, masu shebur suka koma gida. Ya koma gida, amma zama ya gagare shi. In ya zauna a kujera ƙafarsa na rawa. In ya ji kukan jirgi daga tasha sai ya miƙe tsaye kamar an kira sunansa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya kwance kekensa ya sake ɗaurawa. Abu ɗaya ne ke iya riƙe shi, gonarsa ta citta a hanyar Kagoro, ita kuwa sai ruwa ya sauka. Irin cittar yana nan binne a gindin mangwaro, rufe da ganye, yana jiran damina.

A bayan ɗaki, inda ruwan wanka ke gangarawa, matarsa Clara ke da furenta. Fari ne, dogo har ƙirji, in yamma ta yi ƙamshinsa na kaiwa bakin titi. Daga gidan uwarta a Manchok ta zo da saiwarsa, ƙunshe a ɗankwali, shekarar da aka ɗaura musu aure. Uwar ta rasu, gidan ya rushe, yanzu acca ake nomawa a wurin. Furen nan shi kaɗai ya rage mata daga can. Kowace damina ita ke yanko shi ta sa a kwalba ta kai gaban majami'a ranar Lahadi.

Sai dai ya cunkushe. Ya yi yawa har yana shaƙe kansa, tsakiyarsa ta fara bushewa, furen ma ya ragu.

Ranar da Clara za ta tafi Zonkwa, wurin 'yarsu Paulina da ta haihu, ta tsaya a kansa da ƙunshin kayanta a ka.

"Baban Paulina, ruwan wankanka kawai za ka riƙa juye masa. Kada ka taɓa shi."

"Wannan dajin? Macizai ma sun kusa fara biyan haya a ciki."

"Na sani. In ruwa ya zauna sosai zan rarrabe shi da kaina. Ka ji ni ko?"

"Na ji. Je ki, mota ba ta jiran mai wa'azi."

Ya yi ƙoƙari, a gaskiya. Ya yi ta juye ruwan wanka yana wucewa. Amma gida ya yi shiru, zafin bazara ya sauko, ba gona, ba jirgi, ba wanda zai yi wa faɗa. Kullum sai ya zagaya bayan ɗaki ya tsaya yana kallon cunkoson nan, hannunsa na ƙaiƙayi. Wata safiya ya ce bari dai ya ga ƙasan abin. Ya sa fartanya ya tono gefe ɗaya.

Da ya ga saiwar sai ya yi dariya shi kaɗai. Citta ce sak! Ga gaɓoɓi, ga idanu, har warin ma ya so ya yi kama. To, in citta ce, wa zai koya masa? Tun yana yaro a gonar ubansa yake yanka iri.

Kafin rana ta take ya tumɓuke duka. Ya sare ganyen ya zubar, ya zauna a kan turmi da wuƙa, ya yayyanka saiwar ƙanana ƙanana, kowane yanki da idonsa, yadda ake wa irin citta. Ya baza su a rana don bakin yankan ya bushe. Sannan ya dubi wurin da ya tono, laka da inuwa, ya ce wannan ba wurin shuka ba ne. Ya koma gaban gida inda rana ke duka tun safe, ya ja igiya, ya yi layuka miƙaƙƙu kamar layin dogo, ya binne, ya rufe da busasshen ganye. Bai zuba ruwa ba. Ba a ba citta ruwa. Kwanciya take yi a ƙasa har sama ta tashe ta.

Maƙwabcinsa Yakubu, wanda suka yi aiki tare a tasha, ya leƙo ta kan danga.

"Mai shebur, me kake binnewa? Ko fanshon ne?"

"Furen madam. In ta dawo za ta ga aikin namiji."

"Ta ce ka yi?"

"Ta ce za ta yi. Na rage mata wahala."

Yakubu ya ce, "Allah ya rage maka taka," ya janye kansa.

Ruwan farko ya sauka. Ciyawa ta tsiro ko'ina, har a kan danga, layukan Silvanus shiru. Safe da yamma yana durƙushe yana ɗaga ganye. Ya ce ƙila ya binne da zurfi. Ya ce ƙila ruwan bai isa ba. Da aka yi ruwa na biyu ya kasa haƙuri, ya sa yatsa ya tono ɗaya. Ɓawo ne kawai, ya murtsuke shi ya zama gari. Ya tono na gaba, gara ta cinye cikinsa. Ya bi layin nan kaf da hannu, gumi na zuba, bai sami ko ɗaya mai rai ba. Citta takan yi barci da rani kafin a taɓa ta. Wannan kuwa ɗanye ne, yana cikin shan ruwansa aka fizge shi aka shanya.

Ya koma bayan ɗaki ya rarake tsohon wurin ko ya manta da guntu. Aikinsa ya yi tsabta da yawa. Bai bar komai ba.

A makon nan direban motar Zonkwa ya kawo saƙo: Clara na nan tafe bayan Lahadi.

Silvanus ya hau keke. Ya san Clara ta sha ba matan zumuntar majami'a saiwar, sai ya bi su gida gida, shi da bai taɓa roƙon ko gishiri ba. Wata ta ce nata ya mutu tun bara. Wata ta ce awaki sun tattake. Matar fasto ta nuna masa wani jan fure ta ce ya ɗiba, ya ce ba shi ba ne. Ita ce ta ce masa, "Ai wanda na sani ya rayu sosai, na gidan A'i ne, a bakin rijiya."

Ya sauka daga keken ya tsaya a titi. A'i mai man gyaɗa, a layin kasuwa. Da kakar da ta wuce akuyarta ta shiga masararsa, ya jefe ta da dutse ya karya mata ƙafa. A'i ta zo har ƙofar gida, ya ce ta kai ƙara inda ta ga dama. Tun ranar ba su gaisa ba.

Ya wuce ƙofarta ya dawo, ya sake wucewa, sannan ya jingine keken ya yi sallama.

Tana tsakar gida tana matsar ƙuli. Ba ta tashi ba.

"A'a, Baban Paulina! Yau kuma wace akuyar ce ta yi laifi?"

"Ba faɗa ya kawo ni ba, Hajiya."

"Ban je Makka ba tukuna. Ko yau ka manta sunana ne?"

Ga furen can bakin rijiya, kore shar, ya yi gindi biyu manya. Akuyar na kwance kusa da shi, ƙafarta a karkace. Silvanus ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. A'i ta saki ƙulin ta riƙe haɓa.

"Ka yanka shi? Furen uwar Clara? Ka shanya?"

"Na ɗauka citta ce."

"Wanda ya auri mace shekara talatin bai san abin da ke bayan ɗakinta ba!" Ta goge hannu a zani. "Don Clara, da ita ta zo, kyauta zan ba ta, ita ta ba ni. Amma kai ne ka zo."

"Faɗi abin da kike so."

"Ɗana ya sami fili a hanyar Zonkwa, yana son ya gwada citta, iri ya gagara. An ce naka babu irinsa a garin nan."

"Kwando nawa?"

"Ramin da ka binne irin, duka."

Ya dube ta. Lokacin shuka ya riga ya kama, duk mai iri ya kai nasa gona. In ya ba da ramin nan, bana ba shi da abin yi sai zama.

"Rabi," in ji shi.

"Akuyata ma rabin ƙafa ka bar mata. Ramin, ko ka gaishe min da Clara."

Ya amince. Furen kuwa ita ta haƙa da kanta, ba ta yarda ya taɓa ba. Ta jiƙa ƙasar tukuna, ta zagaye gindi ɗaya da fartanya daga nesa, ta ɗago shi da ƙasarsa da ganyensa, ta sa a tsohon kwano. "Inda ka cire shi za ka mayar. A inuwa. Kuma ka ɓoye wuƙarka."

Clara ta dawo da rana tsaka. Ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya bayan ɗaki. Silvanus na biye da ita yana ta bayanin zafin da aka yi. Ta tsaya a kan gindi ɗayan nan da ke tsakiyar fili fetal. Ta durƙusa ta taɓa ƙasar da ke manne da shi, ja ce, tasu kuwa baƙa.

"Wannan ƙasar layin kasuwa ce," ta ce. "Ka je gidan A'i?"

"Na je."

"Da ƙafarka?"

"Da keke."

Ta dubi gindin mangwaro, ta ga ramin iri a buɗe, babu komai sai ganye. Ta miƙa masa bokitin ban ruwa.

Daminar nan furen ya yi kai biyu kacal, Clara ta kai ɗaya majami'a, ta aika wa A'i ɗaya. Gonar Silvanus ta hanyar Kagoro kuwa ciyawa ta cinye ta. Kowace safiya maza na wucewa ta ƙofarsa da fartanya a kafaɗa, Yakubu na ɗaga masa hannu, shi yana zaune a kan turmi da bokiti a gabansa, ƙafarsa na rawa, har aka yi kaka.