Tsagar da ke Saman Kamidani

Ruwan sama ya yi kwana da kwanaki bai ɗauke ba, har rafin da ya raba unguwannin Kamidani da Shimodani ya koma kalar koko. Da hantsi Ryozo ya shigo gidan ƙanwarsa Fumie jiƙe sharkaf, bai ko tsaya cire takalmi a bakin ƙofa ba. Ya miƙa mata wayarsa yana haki.

Ya hau dutsen da ke bayan garin ne don duba itatuwansa, ya tarar ƙasa ta tsage can sama da Kamidani, unguwar da mahaifiyarsu take. Tsagar ta yi faɗin da mutum zai faɗa ciki ya ɓace. A bidiyon da ya ɗauka ana jin wani ƙas-ƙas kamar ana karya kara, wanda Ryozo ya ce saiwoyin itatuwa ne ke tsinkewa a ƙarƙashin ƙasa.

Tun safe lasifikar gari take ta kiran mutane su tafi makaranta su fake, amma tsofaffin sun saba jin wannan kira duk damina. Kafin ya sauko, Ryozo ya nuna wa tsofaffin Kamidani wayar. Baba Kurata, mai unguwar Kamidani, ya kai ta kusa da hancinsa, ya ce shi hanyar aladun daji kawai yake gani. Inna, mahaifiyarsu, kuwa cewa ta yi ba inda za ta ta bar kabejinta.

"Ba sa gani ne, Fumie," in ji Ryozo. "Sai a babban allo."

Kowace unguwa tana da ɗakin taro da ƙaton talabijin a bango, haɗe da na'urar wasan bidiyo da aka saya wa tsofaffi don motsa jiki. Ta Shimodani, unguwar ƙasa, baƙa ce sabuwa. Ta Kamidani fara ce, tsohuwar yayi. Fumie ita ke haɗa bidiyon bukukuwa a yankin, amma kafar kwamfutarta da ake jonawa da talabijin ta daɗe da lalacewa. Dole ta waɗannan na'urorin bidiyon zai bi, kuma hawa Kamidani sau ɗaya za a yi, don ruwa ya fara lasar gadar. In ta kai abin da bai buɗe ba, babu dawowa a gyara.

Ta zaro wata farar na'ura irin ta Kamidani daga kabad, wadda 'yarta ta bari da za ta koma Osaka, suka garzaya ɗakin taron Shimodani. Ta zuba bidiyon a filash ta soka a baƙar. Allon ya ce ba ya iya karanta wannan fayil. Ta sauya shi zuwa wani nau'in, baƙar ta karɓa, farar ta ƙi. Ta sake sauyawa. Yanzu farar ta nuna hoto, amma shiru, babu sauti, kuma sautin nan shi ne abin da ya fi tayar da hankali.

Kowace sauyawa tana cin lokaci. Ɗan layin da ke nuna ci gaban aikin a kwamfutar yana jan jiki kamar ba ya so, ita kuma tana kallon dutsen ta taga. Hazo ya rufe rabinsa. Wutar ɗakin ta yi ƙyaf, ta dawo. Ryozo ya kira Inna, wayar ta shiga, ta ce masa tana dafa miso, miyar waken soya, in sun zo su ci, sannan layin ya katse. Bai sake shiga ba.

"Mu tafi haka kawai mu ɗauko ta da ƙarfi," ya ce.

"Sauran fa, Yaya? Kai za ka goya su duka?"

Cikin gaggawa ta danna abin da ba shi ba, ta sake daga farko. Sai ta tuna wayar Ryozo sabuwa ce, tana matse bidiyo da wata dabara da tsofaffin na'urori ba su sani ba. Ta zaɓi nau'in MP4 na da, wanda take ba masu biki shekarun baya, ta rage girman hoton, ta mai da sautin ma irin na da. Farar ta yi jim, allon ya yi baƙi, sai ga tsagar ta cika bango, ƙas-ƙas ɗin ya cika ɗakin. Ta gwada a baƙar, ita ma ta ɗauka. Mutanen Shimodani sun taru a bayanta suna kallo. Wata tsohuwa ta miƙe ta fita neman mijinta.

Fumie ta bar musu kwafi, suka shiga ƙaramar motar ɗaukar kayan Ryozo. Ruwa yana gudu a kan gadar lokacin da suka haye, tana jin duwatsu na bugun ƙasan motar.

A Kamidani sai da Ryozo ya bi gida-gida kafin aka taru. Da bidiyon ya fara, Baba Kurata ya gyara tabarau ya matso. Ya ga dutsen iyakar gonar kakansa, wanda ya sani a tsaye tun yana yaro, ya kwanta a bakin tsagar. Ya ce a ƙara sauti. Ya saurara, sannan ya juya ga jama'a ya ce kowa ya ɗauki maganinsa da bargo, kada wanda ya tsaya kulle ƙofa.

Motocin unguwar suka jeru, Inna a tsakanin 'ya'yanta da ƙullinta a cinya. Da suka iso gadar, Fumie ta ga abin da ya fi komai razana ta a ranar. Rafin da ya yi ambaliya ɗazu ya janye, duwatsun ƙasansa a fili, alhali ruwan sama bai tsaya ba. Wani abu ya tare shi a can sama.

"Kada ka tsaya," in ji Inna a hankali. "Taka motar nan, Ryozo."

Sun isa makarantar lami lafiya, su da mutanen Shimodani. Dutsen bai sauko a ranar ba, har wasu suka fara gunaguni a kan tabarmin da aka shimfiɗa musu. Washegari da rana aka ji rugugi mai tsawo, tagogin makarantar suka yi ta karkarwa. Ƙasar ta binne ɗakin taron Kamidani da gidajen da ke jere da shi, har da na Inna, laka kuma ta gangara ta cika rabin Shimodani. Ba a rasa rai ba.

Fumie ta kawo wa Inna shayi. Tsohuwar ta karɓi kofin, amma ya ƙi tsayawa a hannunta, sai da Fumie ta riƙe mata ta sha.