Likitan Tiyata a Layin Masu Neman Gurbi

Shekara bakwai na yi ina yanka mutane ina ɗinke su kafin na yarda cewa ba na son aikin. Hannuna bai fara rawa ba, ban kuma kashe kowa ba. Na dai lura babu abin da nake ɗoki kamar zagayen safe, lokacin da majinyaci yake a farke yana gaya mini abin da ke cin ransa. Sai na cike takardar neman sabon horo a sashen masu taɓin hankali, wato in koma ɗan koyo tun daga tushe.

Ban gaya wa Baba ba. Mutumin da ko mai gyaran famfo ya shigo gida sai ya gaya masa cewa ɗansa babban likitan tiyata ne. Matata kaɗai ta sani. Da ta ji, ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da ninke kaya.

Ranar ganawa na tarar da mutum tara a kan benci, duk ƙannen bayana. Wata ta miƙe tsaye ta gaishe ni, a zatonta cikin masu tantancewa nake. Na ce ta zauna, ni ma layi nake bi.

Da aka kira ni, mutum uku ne a bayan tebur. Ta tsakiyar ɗalibata ce a da. Wata rana a ɗakin tiyata ta ga jini, jiri ya kwashe ta, ni kuwa na ce a gaban ma'aikatan jinya, "Ki koma wajen mahaukata, can surutu kawai ake yi." Kowa ya yi dariya. Tawa ta fi ƙarfi.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce. "Zauna mana. Me ya sa kake son wannan fanni?"

Amsar da na haddace ta gudu. Sai na ce:

"Likita, akwai wata magana da na taɓa yi miki..."

"Ina sane da ita," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ba ita na tambaye ka ba."

Sauran biyun suka dubi juna. Na sunkuyar da kai na ba da amsa, a guntule, kamar mai karɓar laifi.

Bayan wata biyu sunana ya fito, na shida cikin shida. Ita aka ba ni a matsayin mai duba aikina. Na same ta a ofis na nemi gafara sosai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ya wuce, ta miƙo mini fayil.

Majinyaciyata ta farko tsohuwa ce da ta daina magana da 'ya'yanta. Ta ƙare mini kallo, har furfurar gemuna.

"Kai sabo ne a nan?"

"Sabo ne, Mama."

"To jawo kujera. Tsayuwarka tana sa ni jiri."

Na jawo na zauna.